Akwatunan Farfesa Barau

Farfesa Barau Kawu ya rasu a Gumel cikin bazarar 1977, shekara ɗaya da rabi bayan an kore shi daga jami'ar da ya koyar da tarihi. Bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne matarsa Rabi'atu, da yayarsa Goggo Kande, da akwatunan ƙarfe goma sha ɗaya cike da takardu, waɗanda suka cinye ɗaki guda a gidansu na gado. Da aka zo rabon gado, dangi suka leƙa ɗakin suka ja da baya, suka ce wannan kayan Rabi ne, ita ta san kansu.

Gaskiya suka faɗa. Shekara ashirin da biyu Farfesa ya yi yana bin ƙauyukan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da farko a kan keke, daga baya a wata tsohuwar mota. Yana aron kundayen ajami a hannun malamai, yana ɗaukar muryoyin tsofaffi a rikoda. Duk abin da ya rubuta da hannu, Rabi'atu ce take buga shi a tafireta. Ta yi makarantar horon malamai kafin aure, kuma ita kaɗai ke iya karanta rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa. Littattafansa uku duk ta yatsunta suka bi. Na huɗun, wanda zai ba da labarin mutanen da iyakar Turawa ta raba gida biyu, shi ne bai kammala ba.

Abin da ya hana shi kammalawa kuwa sananne ne. Da guguwar korar ma'aikata ta taso a ƙarshen 1975, wani ya rubuta takardar ƙorafi ba suna, ya ce Farfesa yana wawure kundayen talakawa yana fitar da su ta Maigatari yana sayar wa Turawa. Ba a kira shi ya kare kansa ba. A rediyo ya ji sunansa, an ba shi mako biyu ya tashi daga gidan jami'a. Ya dawo Gumel ya zauna a zaure yana kallon hanya, har ɓarin jikinsa ya shanye, har Allah ya karɓi abinsa.

A wata na uku na takaba Rabi'atu ta fara buɗe akwatunan, don gudun gara. A ƙasan na bakwai ta ga wani ambulan ruwan ƙasa. Ciki akwai hoton takardar ƙorafin nan, wanda wani akawu mai tausayi ya aiko wa Farfesa a ɓoye. Ba ta kai layi na uku ba ta tsaya cak. Ba maganar ce ta girgiza ta ba, haruffan ne. Kowane "r" ya ɗan sunkuya ƙasa da layi, kowane "e" kuma cikinsa a toshe. Shekara goma sha biyar ta yi tana faɗa da waɗannan haruffan biyu. Tsohuwar tafiretarta ce, wadda Farfesa ya sa aka ƙera mata ƙ da ɗ da ɓ, wadda ta ɗauka da hannunta ta ba Manu kyauta lokacin da yake rubuta kundin digirinsa.

Manu ɗan Gagarawa ne, ɗalibin Farfesa, wanda ya shekara shida a gidansu yana cin tuwonta yana kiranta Inna. Ita ta yi jinyarsa da ya yi ciwon shawara. Ita ta haɗa masa kayan lefe. Yanzu shi ne Dokta Manu, kuma shi ne a kan kujerar shugaban sashen tarihi, kujerar da aka tayar da Farfesa daga kai. Ranar sadakar uku ya zo ya yi kuka har sai da aka riƙe shi.

A gefen takardar akwai rubutun Farfesa da jan biro: "Na gane ko wane ne. Na bar shi da Allah. Kada Rabi ta gani."

Ta zauna a kan akwatin har aka kira la'asar. Da Goggo Kande ta shigo nemanta, ta miƙa mata takardar ta fassara mata kalma bayan kalma. Tsohuwar ta dafe ƙirji ta yi salati.

"To, tun da shi mai abin ya ce ya bar wa Allah," in ji Goggo bayan ta natsu, "ke ma sai ki bari."

"Malam ya yafe nasa, Goggo. Nawa bai tambaye ni ba. Ni na juya shi a kan gado wata tara. Ni na share masa miyau. Wannan kason nawa ne."

Kwana goma bayan ta fita takaba, wasiƙa ta zo daga Manu. Da Hausa ya rubuta, cike da ladabi. Ya ce jami'a ta amince a karɓi takardun marigayi a ajiye a laburare, shi kuma a matsayinsa na ɗa zai ɗauki nauyin ƙarasa littafin nan na huɗu. Saboda yana bukatar ƙ da ɗ, da tsohuwar tafiretar ya buga. Rabi'atu ta ajiye wasiƙar kusa da takardar ƙorafin, ta daɗe tana kallonsu kamar tagwaye. Sannan ta ɗauko takarda ta rubuta masa amsa mai daɗi. Ta sa masa albarka. Ta ce ya ba ta lokaci ta tsara kayan, ya zo bayan an gama girbi, kuma ya taho da manyan jami'a da ɗan jarida, don a yi abin cikin mutunci yadda ya dace da Malam.

Daga nan ta shiga aiki. Farfesa mutum ne mai tsari. Kowane kundi da ya aro yana naɗe a ƙyalle, da 'yar takarda mai ɗauke da sunan mai shi da garinsa. Ta ware su gari gari, ta zuba a jakar fata, ta fara fita da sassafe zuwa tasha.

Garin Ɗanzomo ta fara zuwa, wajen Bappa Ubale, wani dattijon Bafulatani da ya ba Farfesa aron kundin kakansa tun kafin a sami mulkin kai. Ta same shi a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Da ta kwance ƙyallen ya ga fatar kundin, sai ya share hannunsa a riga kafin ya taɓa.

"Ashe yana nan! An ce mana ya sayar wa Nasara."

"Wa ya ce, Bappa?"

"Haka dai aka ce. Har na daina zuwa gaishe shi." Ya sunkuyar da kai. "Ya rasu yana ganin na yarda da zancen."

Ta ba shi labari tun daga tushe, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta faɗi sunan Manu sau uku don ya zauna masa. Sannan ta roƙe shi abu biyu: ya dangwala yatsa a takardar da ke cewa da yardarsa ya ba da aro kuma an mayar masa cif, kuma in wani ya zo daga jami'a neman kundin, ya tuna abin da ta gaya masa.

"In ya zo," in ji Bappa Ubale, "ko ruwan randata ba zai sha ba."

Haka ta yi ta yi har damina ta ja. Wata rana a bayan akori-kura tare da buhunan gero, wata rana a ƙafa cikin yashi daga bakin titi zuwa ƙauye. Ranar kasuwar Maigatari ta ratsa cikin raƙuma da shanu ta nemo wata tsohuwa mai sayar da kanwa, sunanta Yelwa, wadda Farfesa ya ɗauki muryarta tana waƙoƙin shekarar da aka kafa duwatsun iyaka. Yelwa ta karɓi faifan tana jujjuya shi, ta ce ita me za ta yi da wannan, ba ta da abin sauraro.

"Ki ajiye shi kawai, Iya. Muryarki ce. Gara ya zauna a ƙarƙashin gadonki da ya shiga hannun wanda ya kashe mai ɗaukarsa."

Goggo Kande ba ta ji daɗin wannan yawo ba. Duk ranar da Rabi'atu ta dawo da jaka ba komai, sai ta leƙa ɗakin takardu ta ga ya ƙara faɗi.

"Rabi, abin da ɗan'uwana ya tara da gumin shekara ashirin kike watsarwa kamar tsaba. Ɗakunan ƙauye na yoyo. Akwai gara, akwai gobara. Don ki hana maƙiyi cin tuwo sai ki kifar da tukunya?"

"Tukunyar ba tasa ba ce, Goggo, ba kuma tawa ba. Aro ce."

"Kada ki yi mini wayo. Ba don amana kike yi ba."

Rabi'atu ta kwance mayafinta ta ninke. "Ba don amana ba ne," ta ce. "So nake ya buɗe akwatin nan a gaban mutane ya ga abin da na gani ranar da aka faɗi sunan Malam a rediyo."

Gagarawa ta bari a ƙarshe, don ta san can ne da wuya. Kundaye huɗu na Liman Ɗantala ne, ƙanin mahaifin Manu, wanda shi ya kai Manu gidan Farfesa da hannunsa tun yana saurayi. Ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi, ta tura masa kundayen, sannan ta shimfiɗa takardun nan biyu a kan buzunsa. Liman ba ya karanta boko, amma mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana bambance hannun marubuta. Ta nuna masa harafin da ya sunkuya a nan, ta nuna masa a can. Ya kawo fuskarsa kusa, ya bi layukan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Alƙalami ɗaya ne," ya ce a hankali. "Hajiya, me kike so in yi? Ɗana ne."

"Ba na so ka yi komai, Allah ya gafarta Malam. So nake ranar da zai zo Gumel kana wurin. Kai ka kawo mana shi. Ka zo ka ga yadda za mu rabu."

Ranar Asabar ta biyu bayan an shigar da gero rumbu, Manu ya iso da hantsi a motar jami'a, da wata babbar mota a baya don ɗaukar kaya. Ya sha babbar riga fara. Tare da shi akwai shugaban laburare, wani dattijo mai farin tabarau, da mataimakin magatakardan jami'a, da ɗan jarida rataye da kyamara. Da ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun kai talatin a zaune, har da baffansa, sai fuskarsa ta cika da fara'a. Ya ɗauka karramawa ce.

Ya durƙusa a gaban Rabi'atu. "Inna, mun same ku lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole, Manu. Sannunku da hanya. Ga kayan can an fito da su."

Akwatunan na jere a jikin katanga, an goge su suna ƙyalli. Manu ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce Farfesa uba ne gare shi, ya ce abin da aka yi masa zalunci ne wanda tarihi ba zai manta ba. Rabi'atu na zaune a bakin zaure tare da Goggo Kande, tana jin kowace kalma tana sauka a ƙirjinta kamar garwashi, amma ba ta motsa ba. Da ya gama ta miƙa masa makullai.

Ɗan jarida ya gyara tsayuwa. Manu ya buɗe akwati na farko. Babu komai sai takardu shida a ƙasa, kowacce da dangwalen yatsa. Ya yi 'yar dariya, ya buɗe na biyu. Haka. Na uku, na huɗu. Kafin ya kai na shida gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Inna, ina kundayen?"

"Suna wajen masu su. Ga su nan zaune, ka tambaye su." Ta juya wajen shugaban laburare. "Ranka ya daɗe, an ce Malam ya sayar da kayan mutane. Kundi ɗari da goma sha huɗu ya aro, faifai sittin ya ɗauka. Ga shaidar kowane mai kaya cewa nasa ya dawo hannunsa. Ina so a karanta sunayen da ƙarfi."

Aka buɗe sauran akwatunan ban da na ƙarshe, aka tattaro masa takardun. Dattijon ya gyara tabarau ya fara karantawa. Duk sunan da ya kira, sai wani daga cikin tabarmi ya amsa, "Ni ne, an kawo mini," ko wani ya ce, "Na yayana ne, na gani da idona." Abin ya ɗauki lokaci. Ba wanda ya tashi.

"Saura na ƙarshe," in ji Rabi'atu. "Manu, buɗe."

Bai so ba, amma idanu sun yi masa yawa. A cikin akwati na goma sha ɗaya takarda biyu ce kawai, an manne su gefe da gefe a kan kwali. Kallo ɗaya ya yi musu ya saki murfin.

Rabi'atu ta tashi ta ɗauko kwalin da kanta ta miƙa wa mataimakin magatakarda. "Ta hagu kun san ta, a ofishinku take. Ta dama wasiƙar da ya aiko mini ce, ga sa hannunsa. Ku dubi 'r', ku dubi 'e'. Tafiretar tawa ce, ni na ba shi. In kuna shakka, tana gidansa."

Mutanen jami'a suka haɗa kai a kan kwalin. Ɗan jarida ya matso ya ɗauki hoto, ba wanda ya hana shi.

"Inna," in ji Manu, "wannan magana ta cikin gida ce. Ki bari mu shiga ciki."

"A rediyo aka faɗi tasa."

"Lokacin ne ya zo da haka. Kowa yana rubutawa. Ban zaci za a kore shi ba, na ɗauka kujerar kawai za a..."

Bai ƙarasa ba, don ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Salati ya tashi daga tabarmi. Liman Ɗantala ya dogara sandarsa ya miƙe, ya zo gaban Rabi'atu, tsoho da shi, ya rusuna.

"Hajiya, ni na kawo muku shi. Ku yafe mini ni." Ya juya ya wuce ta gaban Manu kamar ya wuce kututture, ya nufi tasha.

Babbar motar ta koma ba kaya. Mako biyu bayan haka labarin ya fito a jarida da hoton takardun biyu. Jami'a ta kafa kwamiti, kwamitin ya yi wata bakwai yana zama, daga ƙarshe aka aiko wa Rabi'atu wasiƙa mai layi biyar cewa ba a sami marigayi da laifi ba. Ba a kori Manu ba, an dai sauke shi daga kujerar. Amma ɗalibai sun daina shiga ajinsa, abokan aiki kuma in ya shigo ɗakin shan shayi sai hira ta mutu. Ya gwada bin ƙauyukan da kansa ko zai sami abin rubutawa. A Ɗanzomo aka bar shi tsaye a rana har ya gaji. A Maigatari Yelwa ta ce ita ba ta taɓa yin waƙa ba a rayuwarta. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye aikin koyarwa ya koma wata ma'aikata a Kano.

Abin da Goggo Kande ta ji tsoro shi ma bai fasa faruwa ba. A daminar 1978 ɗakin wani malami ya rufta a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, kundaye tara suka narke a cikin laka, ciki har da wanda Farfesa ya fi ji da shi, wanda babi uku na littafinsa suka dogara a kai. Goggo ce ta kawo mata labarin, ta tsaya a kanta tana jiran ta ga nadama. Rabi'atu ta yi kuka ranar, kuka sosai. Da ta share hawaye ta ce ko yau aka mayar da ita baya, abin da za ta yi ke nan.

Manu ya sake zuwa Gumel sau ɗaya, ana saura kwana uku azumin 1979. Shi kaɗai ya zo, a motar haya. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya yi sallama a zaure, Goggo ta leƙa ta dawo ta ce, "Shi ne. Ya ce gafara ya zo nema kafin a kama baki. Rabi, ki fita ko don darajar watan."

Rabi'atu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta yafa mayafi, ta je ta tsaya daga bayan ƙofar zaure inda zai ji muryarta ba tare da ya ga fuskarta ba.

"Inna," ya ce, "na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Malam ya gane ka tun kafin ya kwanta ciwo. Ya rubuta cewa ya bar ka da Allah, ya kuma ɓoye mini don kada in tsane ka. Ka ji irin mutumin da ka kashe. Kabarinsa na nan gabas da gari, kowa zai nuna maka. Ka je can ka yi bayaninka."

"Ke fa, Inna?"

"Ni ban yafe ba. Kuma kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Ta ji shi yana kuka ƙasa ƙasa. Ta tsaya har ya gama, har ta ji ƙarar takalmansa ta fita ta yi nisa. Goggo Kande ba ta yi mata magana ba har tsawon kwana biyu. A rana ta uku aka ga wata, suka ɗauki azumi tare.